Sharar Ɗakin Iya

Ni dai Allah ya yi ni da yawan zato, kuma na san ba halin kirki ba ne. In maƙwabci ya gaishe ni da fara'ar da ta fi ta jiya, sai in wuni ina tunanin abin da zai zo aro. In aka kawo mini tuwo da nama ba ranar kasuwa ba, sai na tambayi abin da ake so in yarda da shi kafin in sa hannu. Na sha yin istigfari a kan wannan hali, na sha komawa. Shi ya sa ranar da jikata ta faɗo ƙofar ɗakina da kayan makaranta, tana haki, ta ce ana nemana a firamare, abin da na fara yi shi ne na ja ƙafata ta hagu na tura ƙarƙashin riga.

Kututturen dawa ne ya soke ni a ƙasan idon sawu tun muna ɗaurin dammuna. Na sa toka, na sa bagaruwa, na ɗaure da tsumma, na ɗora safa a kai na ce sanyi nake ji. Ciwo ya ƙi rufewa, ya fara zurfi, ya fara wari. Babban ɗana kuwa gida ɗaya muke, a ƙauyenmu da ke bayan Sakajiki. Tun da aka yanke mana jiha daga Sakkwato ya sami aiki a sakatariyar Ƙaura, yana da babur, yana da halin kai ni asibiti. Amma ɗan fari ne. Ban taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa ɗaga asabarin ɗakina ba. Kullum da safe zai durƙusa daga waje, kansa a ƙasa, ya ce an tashi lafiya, in ce lafiya lau, ya tafi. Da wane baki zan ce masa ƙafata tana ruɓewa? Yarinyar nan 'yarsa ce, ita nake kira Amarya.

"Tsoho, hedimasta ya ce ran Laraba kowa shi taho da kakanai."

"Da kakanai? Mi munka yi?"

"Ba ku yi komi ba. Ranar Kakanni ta. Za a aza ku bisa benci, mu yi muku waƙa, a ba ku lemu."

"Lemu kyauta? Ke Amarya, tun da nike ban taɓa ganin an tara tsohhi an ba su abu kyauta ba. Ko ƙirga mu za a yi?"

"Wa ka son ƙirga ka? Ko akuya ta fi ka tsada."

Ta tafi tana dariya, ta bar ni da saƙe-saƙe. Na ce ko wani ɗan siyasa ne yake neman a tara masa masu furfura a ɗauki hoto. Na ce ko allura za a yi mana. Na ce ko wata al'adar Nasara ce ake son shigo mana da ita ta bayan gida, ga shi ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, kowa a garin nan ya koyi tambayar asalin abu kafin ya taɓa shi. Da hedimastan ya biyo ta ƙofar gida da kekensa, na tsayar da shi daga kan dakali na tambaye shi wa ya fara wannan rana. Ya ce a wajen wani kwas ya ji, wai a wasu ƙasashe ana ware wuni guda don girmama kakanni, ya ga abin ya dace da tarbiyya. Na ce to su wa suka fara, kuma me tsofaffinsu suka rasa da har sai an sa musu rana? Ya sosa ƙeya ya ce wannan kam bai bincika ba. Yaron kirki ne, na sani. Amma na raka shi da ido har ya sha kwana, ina neman abin da ya ɓoye.

Abin da ban gaya masa ba shi ne mu ma muna da tamu ranar, kuma ina cikin waɗanda suka binne ta.

A zamanin da muka tashi, in watan cika-ciki ya kai goma, ranar jikoki ce da kakanninsu. Shara muke ce mata. Tun da hantsi za ka ji garin ya ɗauki ƙarar tsintsiya da bugun tabarmi da ihun yara, kamar ana korar fara. Kowane jika zai nufi ɗakin kakarsa ko kakansa, kuma ran nan babu mai ikon hana shi shiga. Mu namu ɗakin Iya ne, mahaifiyar babanmu. Sai mu fito da komai rana: gadon kara, jeren ƙore, tukwane, lefen auduga, faya-fayai, har tsummokaran da ta cusa a bayan randa. A zuba wa gadon tafasasshen ruwa saboda kuɗin cizo, a kakkaɓe saƙar gizo, a yi wa ɗakin hayaƙi, 'yan mata su shafe bango da farar ƙasa, su goge daɓe da makuba har ya yi sheƙi. Ita kuwa tana zaune a gindin turmi da muciya a hannu, tana zagin mu ɗaya bayan ɗaya, muna ramawa. Mu ce tsohuwa mai ran ƙarfe, yaushe za ki tafi mu sha gumba? Ta ce sai ta ga jikokinmu ta zage su su ma. A can madafa wutsiyar ragon layya da aka shanya tun Babbar Salla tana tafasa a miya, ƙamshinta ya cika gida. In an gama a mayar da kaya, ta ba kowa shararsa, wato tukuicinsa: wani dunƙulen dawo, wani gyaɗa cikin kunnen zane, wanda ta fi so ɗan zabo. Daga nesa, in iska ta juyo, ka ji kukan jirgin ƙasa yana barin Ƙaura da gyaɗa da auduga, mu tsaya da tsintsiya a hannu har sai ya ɓace. Yanzu jirgin ma sai a daɗe ba a ji shi ba, kuma yaro zai yi shekara bai san launin bangon ɗakin kakarsa ba.

Shekarar da nake son faɗa, na fara riƙe babbar garma, muryata ta fara buɗewa. Watan ya faɗo bayan girbi, rumbuna cike, gyaɗa tana jiran awo. 'Ya'yan gwaggonmu sun zo daga Birnin Tsaba a kan jaki tun jajibere. Muka taru da tsintsiyoyi, sai muka tarar da Iya ta zauna a bakin ƙofarta, ta miƙe ƙafa ta tare hanya.

"Bana ba shara," in ji ta. "Ku share tsakar gida, ku amshi abinku, ku ba ni wuri."

Yara suka yi ta ihu, suka ja ta da wasa, ta ƙi motsi. Ni kuwa nan take zuciyata ta ba ni labari. Na ce tsohuwar nan ta ɓoye wani abu ne, zuma ko kilishi, tana jira mu watse ta ba 'ya'yan 'yarta, don dama na daɗe ina ganin ta fi sakar musu fuska. Na koma gefe na tsaya ina hararar ƙofar. Da sauran suka bazu a tsakar gida, sai ta juyo da kunnenta wajena.

"Maigida, kai na nan tsaye kana huci awa ɗan maraƙi? Shiga ka ɗauko min allin kaɗin zarena."

Ta janye ƙafar. Na shiga da niyyar bincike, ba da niyyar alli ba. Ban yi taku biyu ba wani abu ya harɗe ni, na kusa kifawa. Igiya ce ta rama, an ɗaure ta daga ƙafar gado zuwa dokin ƙofa. Wata kuma ta tashi daga gadon zuwa randa. Na buɗe ƙoren da nake zaton zumar tana ciki, sai na tarar da ragowar tuwo ya yi baƙi da tururuwa, kuma ga shaidar yatsu a gefen da aka ci. Na leƙa randa, gansakuka ta rufe cikinta, abin da Iya ba ta taɓa bari ba. Komai na ɗakin an jera shi a bin bango, kusa da kusa, yadda hannu zai bi ya same shi. Sannan na ɗauki allin na fito, ban yi magana ba, na miƙa shi ta gefen dama. Iya ta miƙo hannu ta gabanta, inda ta ji numfashina, tana laluben iska. Idanunta a buɗe, sun yi fari-fari kamar ruwan tsaki.

Na sa mata allin a tafi. Ta riƙe hannuna ta ɗan matsa, ta saki, ta ci gaba da zagin masu shara.

A nan ne zato ya sake yi mini aiki. Iya ce mai ƙwaryar awo a gidanmu. Kowace safiya ita ke auna hatsin da za a daka, kuma wannan ƙwarya ita ce girmanta. Na ce in maganar nan ta fita, matar baffana za ta karɓe ƙwaryar, don na sha ganin tana kallon rumbu. Na ce za a fitar da Iya daga ɗakinta a kai ta kusa da matan gida a riƙa ba ta abinci kamar yarinya. Na ce ai shi ya sa ta hana shara. Don haka na kulle bakina, ina jin kaina wani babban mutum mai riƙe amana. Na riƙa wanke mata randa a ɓoye, ina duba tuwonta kafin ta ci, ina tsayawa kusa da ita wajen awo ina taɓa mata bakin buhu da ƙafa. Babanmu ya sayar da gyaɗa, ya tafi kasuwar Shinkafi ya sayo bijimin noma. Rani ya wuce, bazara ta zo, aka yi shuka, hanyar Ƙaura ta cika da laka. Kullum na shiga gaishe ta sai ta ce, "Maigida, ba wani labari?" In ce babu, Iya, kowa lafiya. Sai ta yi tsaki ta juya mazarinta.

Wata ranar da muka dawo daga noman farko, na kai mata ruwa, sai na ji muciya a gadon bayana. Ba dukan wasa ba, na gaske.

"Kai wane irin jika na? Na hana kowa shiga na bar ka, don na san ka fi su ido. Ka gani, ka rufe baki awa ubanka! In kurma nika so, ai ina da shi."

"Iya, na ɗauka ba ki son a sani. Na ce kada a amshe miki ƙwarya."

"Ƙwaryar banza! Ƙwarya nika so ko idona? An ce akwai masu cire yanar ido a Kano, jirgi na zuwa. Ni zan buɗe baki in ce ma wancan ya kai ni? Ni da ban taɓa kallon tsakar idonai ba?"

Wancan shi ne babanmu, ɗanta na fari. Na zauna a ƙasa, bayana yana zafi, na ce to me ya hana ta gaya mini in faɗa. Ta ce in ta aike ni, ai ita ta faɗa ke nan, kunyar tana nan. Amma in jika ya shiga shara ya fito yana shelar abin da ya gani, yana dariya, ba wanda ya roƙi wani, ba wanda ya ji nauyi. Ta ce yaran nan duka in sun shiga tare za su tsinke mata igiyoyi su hargitsa mata kaya, shi ya sa ta zaɓi mutum ɗaya. Sannan ta tambaye ni ko ina tsammanin don ƙura aka ƙago ranar. Ta ce ita ma kakarta ta gaya mata: tsoho ba ya iya cewa ɗansa rumbuna ya ƙare, ko rufina yana yoyo, ko jikina ya canza. Ɗa kuma ba ya iya shiga ya duba. Sai aka sa rana guda a shekara da za a saki jikoki, masu ido da dogon baki, su shiga su fito da komai rana. Na ce wa ya fara? Ta ce, "Wa ya sani? Wata tsohuwa mai jin yunwa, mai wayo."

Ran nan na sami babanmu yana gyaran igiyar bijimi, na gaya masa. Bai ɗago ba. Ya daɗe yana murza igiyar nan, sannan ya ce, "Tun yaushe?" Na ce tun shara. Ya dube ni sau ɗaya, kallon da har yau ban manta ba, ya koma kan igiyarsa. Ba a sami halin tafiya ba sai da aka sake girbi. Matar baffana, wadda na yi wa mummunan zato, ita ta bi ta a jirgi, ita ta yi jinyarta, kuma ko da suka dawo ita ta ɗauko ƙwaryar awo ta sa mata a hannu. Ido ɗaya ya buɗe, har Iya tana tsintar tsakuwa a shinkafa. Ɗayan kuwa aka ce an makara. Ba ta taɓa yi mini gori a kai ba, sai dai in na yi mata tsiya ta rufe mai ganin da hannu ta juyo mini da mataccen, ta ce, "Da wanga nika kallonka, naka na."

To wanda aka yi wa wannan karatu da muciya, shi ne ya girma ya tsufa ya taya rufe ƙofar. Lokacin da Shari'a ta zo, muka yi murna, kuma har gobe ina murna. Samari masu karatu suka tashi tsaye a kan al'adun watan cika-ciki, suka ce wasan wuta da cin tuwo har a kasa tashi ba su da asali, abin da aka sani shi ne azumi. Gaskiyarsu ne. Amma da aka zo kan shara, ni na fi kowa ɗaga murya a ƙofar masallaci, na ce a haɗa da ita. Liman, tsoho ne mai sanyin magana, ya ce mini, "Malam, azumi sunna na, wasan wuta a bar shi. Amma yaro shi share ɗakin kakatai, wane littafi ya hana? Ai zumunci na." Na ce a dai toshe ƙofa gaba ɗaya ya fi. Mutane suka ga furfurata suka bi. Allah ya sani, ba tsoron bidi'a ne ya sa ni ba. Na gaji ne da hayaniya, kuma ba na son a taɓa mini kaya, ina zargin yaran yanzu da ɗauke-ɗauke. Na ɗauki son raina na sa masa rawani. Ina roƙon Allah ya yafe mini wannan, don ban san tsofaffi nawa ne a garin nan suke zaune da abin da suka kasa faɗa ba, suna jiran jikan da ba zai shigo ba.

Shi ya sa ranar hedimasta ba ta kwanta mini ba. Ban ce haramun ce ba, na daina saurin faɗin haka. Amma a kan benci, cikin wankakkiyar riga, da lemu a hannu, wa zai ga abin da ke ƙarƙashin gadonka? Kowane tsoho zai sa safa ya je ya yi murmushi, a tafa masa, ya dawo da ciwonsa. Tamu ranar ba ta da waƙar yabo, zagi ne da ƙura da tonon asiri, amma ita ce take kai labari inda ya kamata.

Ran Talata da rana Amarya ta dawo daga makaranta, ta tsaya a bakin ƙofa tana cin rake.

"Tsoho, gobe za ka ko ba za ka? Kowa ya ce kakanai na zuwa. In ba ka zuwa in ari na maƙwabta."

"Ari mana. Wa ka son ki dama? Shigo ki miƙo min butata."

Ta tsaya turus, don rabon da in ce wa wani jika ya shigo ɗakin nan har na manta. Ta cire silifa ta shigo tana waige-waige, tana taɓa wannan tana leƙa wancan. Ni kuwa na zare safar a hankali, na fara warware tsumman. Da na kai ƙarshe ta saki raken ta toshe hanci.

"Wai! Tsoho, ka ruɓe!"

"Rufe min baki. Ɗan ƙurji na."

"Wanga ƙurji? Har ƙashi nika hange!"

"Ke Amarya, kul kika gaya ma ubanki. Kin ji ko?"

"Ni? Mi ya kai ni?"

Ta fita a hankali, kamar mai tausayin ƙasa, har da gyara mini asabari. Na kasa kunne. Tana kaiwa bakin zaure na ji silifa sun fara tafi, faf-faf-faf, da muryarta tun daga nesa tana kiran uwarta, tana kiran duk wanda ke da kunne a gidan.

Ana kiran la'asar na ji babur ya tsaya. Na ji an yi maganganu ƙasa-ƙasa a tsakar gida, sannan takun da na sani ya nufo ɗakina. Ya yi sallama, na amsa. Na jira ya durƙusa daga waje kamar kullum. Sai na ga asabari ya ɗaga, haske ya shigo, mutum ya sunkuyo da kansa ya ƙetare dokin ƙofa. Ya tsuguna a gabana, idonsa a ƙasa, ni ma nawa a bango.

"Baba," ya ce, "a miƙo ƙafar."

Na miƙa.